Sana'ar Dafa Giyar Hatsi a Gida: Fargabar Sababbin Shiga da Kula da Kayan Aiki

Daga cikin ƙananan sana'o'in da ke cin hatsi mai yawa a Nijeriya, amma ba kasafai suke fitowa a alƙaluman tattalin arziki ba, akwai dafa giyar gargajiya a gida, wato burukutu da fito. Galibi sana'a ce ta mata, kuma ta fi ƙarfi a jihohin Filato, Binuwai, Nasarawa, Taraba, Adamawa, kudancin Kaduna da ƙauyukan Babban Birnin Tarayya, inda al'ummomin da addininsu ko al'adarsu ba su hana ba ke sha a ranakun kasuwa, bukukuwa da aikin gayya. Ana yin irinta a arewacin Ghana da Burkina Faso, haka kuma a arewacin Kamaru da kudancin Chadi, kowane wuri da sunan da yake kiranta.

Sanin kowa ne cewa Musulunci ya haramta giya, saboda haka 'yan kasuwa da yawa ba ruwansu da dafa ta ko sayar da ita. Duk da haka sana'ar tana taɓa farashin dawa da itacen girki a kasuwannin waɗannan yankuna, tana kuma ciyar da magina tukwane, masu injin niƙa da makiyayan da ke sayen dusa. Bugu da ƙari, ƙa'idojin tsabtar da ke raya ta ko kashe ta, su ne dai ke aiki a kan mai sayar da kunun zaƙi da duk wani abin sha na hatsi. Abin da binciken kimiyya da gogewar tsofaffin masu sana'ar suka haɗu a kai shi ne, mafi yawan asarar da sabuwar shiga ke yi tana fitowa daga tukunya, mataci da tsiron da ba a kula da su ba, alhali kuwa ita takan ɗora laifin a kan rashin sa'a ko sammu.

Matsayin tsiron dawa a kasuwa

Nijeriya tana cikin manyan ƙasashen duniya masu noman dawa, inda takan samar da kimanin tan miliyan 6 zuwa 7 a shekara. Mafi yawanta tuwo da kunu ake yi, amma wani kaso yana tafiya wajen yin tsiro, wato hatsin da aka jiƙa ya fara fitar da saiwa sannan aka busar.

Darajar tsiron dawa ta fito fili a shekarar 1988, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga ƙasashen waje, a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki da aka fara a 1986. Manyan kamfanoni irin su Nigerian Breweries, wanda ya fara aiki a Legas a 1949 ya kuma buɗe masana'anta a Kaduna a 1963, da Guinness da ke Ikeja tun 1962, sun ga tilas su koma ga dawa da masara. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta samar da irin dawar nan SK5912, gajeriyar kaura, wadda ta karɓi aikin tsiro sosai, ita kuma Cibiyar Binciken Masana'antu ta Tarayya da ke Oshodi ta yi aiki a kan hanyoyin sarrafawa. Ko da yake an ɗage haramcin daga baya, dawa ta riga ta zauna a masana'antar, har da ɓangaren lemon tsiro marar barasa irin su Maltina, kuma a 2008 aka buɗe babbar masana'antar tsiron dawa a Aba.

Matsalolin da injiniyoyin kamfanoni suka ci karo da su a wancan lokaci, masu dafa burukutu sun daɗe da gano maganin wasunsu ta hanyar gado.

Yadda aikin ke tafiya

Ana fara da jiƙa dawa na kwana ɗaya zuwa biyu, ana sauya ruwa. Sai a shimfiɗa ta a inuwa, a rufe da buhu ko ganye, ana yayyafa ruwa ana juyawa na kwana uku zuwa biyar har ta tsiro. Daga nan a shanya a rana ta bushe ƙayau, a murje saiwar, a kai niƙa. A lokacin tsirowar ne ƙwayar hatsi ke samar da wasu sinadarai masu narkar da sitaci su mai da shi sukari.

A nan ne dawa ta bambanta da sha'ir. Sitacin dawa ba ya nuna sai zafi ya kai kimanin digiri 70 ko fiye a ma'aunin santigireti, alhali zafi irin wannan yana kashe sinadaran da ake buƙata. Dabarar gargajiya ita ce a kwaɓa garin tsiro da ruwa, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a ajiye gefe domin a cikinsa sinadaran suke, a dafa kaurin da ya kwanta, sannan a mayar da ruwan da aka tsiyaye bayan kaurin ya ɗan huce. Sabuwar shiga da ta haɗa komai ta tafasa gaba ɗaya, za ta samu kunu mai kauri marar zaƙi, wanda ba zai tashi yadda ya kamata ba.

Bayan haka ana barin ruwan ya kwana domin ya yi tsami, a tace, a sake dafa shi na sa'o'i da yawa, a bar shi ya huce, sannan a zuba masa ragowar tsohuwar dahuwa mai ɗauke da yisti. Cikin sa'o'i 12 zuwa 48 zai tashi, kuma barasar da ke ciki galibi tana tsakanin kashi 2 zuwa 6 cikin 100. Burukutu ya fi kauri, wasu ma kan ƙara masa garin rogo, fito kuwa ya fi tsinkewa. Dukkansu ana sayar da su suna kan tashi, kuma ba sa wuce kwana biyu ko uku ba su fara lalacewa ba.

Ke nan daga jiƙa dawa zuwa sayarwa akwai mako guda ko fiye, jari yana ɗaure, ga itace mai yawa da aka ƙona. Idan dahuwa ɗaya ta lalace cikin biyar, kashi 20 cikin 100 na kuɗin hatsi, itace da niƙa ya tafi, kuma sau da yawa dawar bashi ce daga ɗan kasuwa, ko kuɗin adashi.

Abubuwan da ke tayar da hankalin sabuwar shiga

Na farko shi ne rashin ganin kumfa. Yisti halitta ce mai rai, tana aiki sosai a ɗumi na digiri 25 zuwa 35, tana galabaita idan zafi ya haura 40, tana kuma mutuwa idan ya ƙara gaba. Wadda ta yi gaggawar zuba ragowar tsohuwar dahuwa a ruwan da bai huce ba, ta kashe abin da take jira. A wani gefen kuma, sanyin hunturu a tsaunin Jos, inda da dare yakan sauka kusa da digiri 10, yana sa aikin ya yi nawa ba tare da wani abu ya lalace ba. Maganin wannan shi ne a matsar da randa ɗaki mai ɗumi, a naɗe ta da buhu, a yi haƙuri. Yawan buɗe murfi da tsoma hannu ko ludayi don ɗanɗanawa shi ke shigar da cutar da ake gudu.

Na biyu shi ne tsami, kuma iri biyu ne. Akwai tsami mai laushi irin na nono ko ƙullun koko, wanda ake nema da gangan kafin dahuwar ƙarshe, domin yana hana miyagun ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Akwai kuma tsami mai kaifi irin na ruwan khal, wanda wasu bakteriya ke kawowa bayan an gama, ta hanyar mai da barasa ruwan tsami. Waɗannan ba sa aiki sai da iska, kuma ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace su ke yawo da su. Randa mai faɗin baki da aka bari a buɗe, da yawan juyewa daga wannan mazubi zuwa wancan, su ke gaggauta wannan asara. Irin wannan tsami ba ya gyaruwa, kuma ƙara sukari ko sabuwar dahuwa a kai ninka asarar kawai yake yi.

Na uku shi ne wari da kamanni. Kumfa mai launin ƙasa-ƙasa a sama da laka a gindin randa duk aikin yisti ne, haka kuma ɗan wari irin na ƙwai yakan fito a farkon tashi ya wuce da kansa. Abin da ba a yi wa uzuri shi ne yauƙi, warin amai ko na ruɓa, da funfuna mai gashi, kore ko baƙa. Duk dahuwar da ta nuna ɗaya daga cikin waɗannan, zubarwa ce makomarta, kuma bai kamata a ɗebi ragowarta don tayar da wata ba.

Na huɗu shi ne tsoron guba. Mace-macen da aka yi a 2015 a yankin Irele na Jihar Ondo da kuma Jihar Ribas sun faru ne saboda sinadarin metanol a cikin ogogoro, wadda barasa ce da ake tsatsowa ta hanyar tururi. Tashin hatsi shi kaɗai ba ya samar da metanol mai yawan da zai kashe mutum. Haɗarin giyar hatsi yana zuwa ta wasu ƙofofi: abin da marasa tsoron Allah ke ƙarawa don ta yi ƙarfi, gurɓataccen hatsi, da mazubin da aka dafa a ciki. Akwai kuma saiwa da tohon dawa, masu ɗauke da sinadarin da ke rikiɗa ya zama gubar sayanaid, wadda ita ce ke kashe dabbar da ta ci ɗanyen gyauron dawa. Saboda haka murje saiwa bayan shanya, da tafasawa a buɗaɗɗiyar tukunya, matakai ne da ba a tsallakewa.

Wanki daban, kashe ƙwayoyin cuta daban

Tun a 1876 masanin kimiyyar nan na Faransa, Louis Pasteur, ya wallafa bincikensa da ya nuna cewa ƙananan halittun da ido ba ya gani su ke lalata giya, sannan a 1883 Emil Hansen ya ware tsantsar yisti a ɗakin binciken kamfanin Carlsberg a Denmak. Daga wannan ilimi aka samo ƙa'idar da manya da ƙananan masu sana'ar ke bi: tafasawar ƙarshe tana kashe kusan duk abin da ya shiga kafinta, amma duk abin da ya taɓa ruwan bayan ya huce, to, tilas ya zama tsaf.

Wanki shi ne cire dattin da ake gani, kashe ƙwayoyin cuta kuwa mataki ne na biyu, kuma ba ya yiwuwa a kan mazubi mai ɓawon tsohon kunu, domin ƙwayoyin suna fakewa a ƙarƙashinsa. Lokacin wanki mafi sauƙi shi ne da zarar an juye, tun abin bai bushe ba. Tafasasshen ruwa da hasken rana su ne mafi arahar makaman da ke hannun kowa. Wadda za ta yi amfani da ruwan bilic, sai ta tsinka shi sosai ta kuma ɗauraye da tafasasshen ruwa, domin ragowarsa na bar wa abin sha ɗanɗanon magani, yana kuma cin ƙarfe idan ya jima a kai. Ba a haɗa shi da wani ruwan tsami, saboda yana fitar da iska mai guba. Sabulu mai ƙamshi da maiƙon miya suna kashe kumfa su ɓata ɗanɗano, don haka tukunyar sana'a ba ta zama tukunyar girki.

Kowane mazubi da halinsa

Randar ƙasa tana da ƙananan ƙofofi a jikinta da ke riƙe yisti daga dahuwa zuwa dahuwa, shi ya sa tsohuwar randa takan tayar da ruwa da sauri fiye da sabuwa. Amma yadda take riƙe na kirki haka take riƙe mugu. Randar da dahuwa ta lalace a cikinta sau biyu a jere tana buƙatar a kankare ta, a ƙona ta da tafasasshen ruwa, a kife ta a kan wuta ko a rana, in kuma abin ya ci gaba a mai da ita ta ajiyar hatsi. Tsagaggiya ma haka. Yana da kyau randar tsami ta zama daban da randar tashi.

Duron ƙarfe ya shiga sana'ar saboda arha da girma, sai dai araha ba ta ado. Duron da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, fenti ko man inji ba ya tsarkaka da wanki ko ƙonawa, kuma mai saye a kasuwar gwanjo ba kasafai yake sanin tarihinsa ba. Ko mai tsabta ne, ruwa mai tsami yana narkar da tsatsa. Tun 1929 likitoci a Afirka ta Kudu suka bayyana wata cuta ta taruwar sinadarin ƙarfe a hanta, wadda daga baya aka danganta da yawan shan giyar da aka dafa a gangunan ƙarfe. Bokitin kwano mai rufin tutiya shi ma bai dace da abu mai tsami ba. Game da manyan tukwanen alminiyam na ƙirar gida kuwa, wani bincike da aka wallafa a 2014 a kan irinsu a Kamaru ya gano cewa waɗanda aka narka daga tarkacen injuna suna sakin gubar dalma a cikin abinci, musamman mai tsami. Tukunyar ƙarfe marar tsatsa ta fi tsada a ranar saye, amma takan yi shekaru tana aiki.

Robar da aka yi don abinci tana da sauƙin ɗauka da wankewa, amma ba a goge ta da soson ƙarfe ko yashi, domin kowane ƙarce mafaka ce ta ƙwayoyin cuta, kuma ba a zuba mata ruwan da ke tafasa. Muciya, ludayi da ƙwarya suna shan ruwa, don haka a ƙona su da ruwan zafi a shanya su bushe, a kuma rataye su maimakon jingine su a ƙasa. Mataci, ko na kaba ne ko na ƙyalle, shi ne kayan da aka fi mantawa da shi, alhali shi ya fi tara datti. Na ƙyalle ana tafasa shi bayan kowane aiki.

Daben shimfiɗa tsiro da buhunan rufi su ne mahaifar funfuna, wadda wani nau'inta ke samar da gubar afalatoksin mai lalata hanta, kuma tafasawa ba ta kashe ta. Injin niƙa na unguwa yakan zo da ragowar barkono, wake ko tsohon ƙullu, saboda haka a tsaya a ga an wanke shi. Ruwan da ake tsinka abin sha da shi da wanda ake ɗauraye ƙoren masu saye, idan daga gurɓatacciyar rijiya ya fito, yana iya ɗaukar kwalara ko taifod bayan duk wahalar da aka sha a kan wuta.

Kuskure na ƙarshe shi ne toshe abin da bai gama tashi ba a kwalba ko jarka. Iskar da yisti ke fitarwa tana taruwa har mazubin ya fashe, kuma kwalbar gilashi na iya raunata mutum. Wannan ne ya sa kamfanonin da ke sayar da giyar dawa mai rai a kudancin Afirka, kamar Chibuku, suke barin 'yar kafa a saman kwalin.

Darasi daga Mozambik

A watan Janairun 2015, a garin Chitima na lardin Tete a ƙasar Mozambik, mutane 75 sun mutu, wasu fiye da 150 kuma suka kwanta, bayan sun sha giyar gargajiya ta masara a wurin zaman makoki. Matar da ta dafa ta tana cikin waɗanda suka rasu. Nan da nan jita-jita ta bazu cewa an zuba matsarmamar kada ne a ciki. Amma binciken da aka kammala daga baya ya gano wata guba da wani nau'in bakteriya ke samarwa, kuma an bi sawunta har zuwa garin masarar da ambaliya ta jiƙa, wanda aka ga bai dace da tuwo ba aka karkatar da shi wajen dafa giya. Dillalin hatsi da ke tunanin cewa dawar da ta sha ruwa ko ta yi funfuna tana da kasuwa a wajen masu burukutu, ya kamata ya auna wannan.

Yadda abin yake a ƙasashen Turawa

A Ingila da Amurka dafa giya a gida abin sha'awa ne, doka kuma ba ta yarda a sayar ba. Ingila ta soke buƙatar lasisi a 1963, Amurka kuwa Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar halattawa a 1978, wadda ta ba da damar galan 100 ga baligi ɗaya a shekara, ko 200 ga gida mai baligai biyu ko fiye. Jihohin Alabama da Misisipi su ne na ƙarshe da suka amince, a 2013. Wannan ya haifar da kasuwar kayan aiki: bokitai masu murfi, ma'aunin zafi, ma'aunin sukari, busasshen yisti a fakiti, da ɗan bututu mai ruwa da ke barin iska ta fita ba ta shiga ba. Abin lura shi ne, duk da waɗannan kaya, fargabar sabon shiga a can ita ce dai ta nan, wato rashin kumfa, baƙon wari da fashewar kwalba, kuma shawarar da ake ba shi ita ce tsabta da haƙuri. Ma'aunin zafi da murfi mai hana ƙuda su ne mafi sauƙi a cikin kayan, su ne kuma suka fi dacewa da ƙaramin jari a nan gida.

Doka da lissafi

Tun daga shekarar 2000, lokacin da Jihar Zamfara ta fara aiki da shari'ar Musulunci a fannin laifuffuka, jihohin Arewa 12 suka bi wannan tafarki, kuma a yawancin yankunansu dafa giya ko sayar da ita laifi ne. A sauran wurare batun lasisi yana hannun jihohi da ƙananan hukumomi. Duk wanda zai zuba abin sha a kwalba da tambari don kasuwa, mai barasa ne ko kunu, yana buƙatar rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa da Doka ta 15 ta 1993, kuma tsabtar wuri, ruwa da kayan aiki suna cikin abubuwan da jami'anta ke dubawa.

Ga mai farawa, a wannan sana'a ko ta kunu, hanya mafi aminci ita ce ta soma da mudu kaɗan a ƙarƙashin wadda ta ƙware, ta rubuta yawan hatsi, itace da sa'o'in kowane mataki, ta kuma sauya abu ɗaya kawai a kowace dahuwa domin ta gane inda gyara ko ɓarna ta fito. A cikin lissafin farashi kuma ta ware wani abu don sauya mataci, ƙwarya da randa kafin su tsufa, ta haɗa da kuɗin dusar da makiyaya ke saye. Shi ma ɗan kasuwar da ke ba da dawa bashi yana da haƙƙin leƙa wurin aikin kafin ya auna, domin yanayin randa da daben shanya za su nuna masa ko kuɗinsa zai dawo a ranar kasuwa mai zuwa.